Yadda aka mayar wa ɗana haƙorinsa bayan an tsinto shi a cikin yashi

Assalamu alaikum. 'Yan uwa iyaye, musamman mata irina da yara ke wuni a hannunmu, dan Allah ku daure ku karanta wannan ko da ya ɗan yi tsawo. Ni ba likita bace ba kuma nas ba, ɗinki nake yi a gida a nan cikin Kano, yarana huɗu, kuma duk abin da zan faɗa ko dai a gidana ya faru ko a gidan yayata uwa ɗaya uba ɗaya, sauran kuwa daga bakin masu aikin haƙori na ji shi a zaryar asibitin da muka sha.

Maganar ita ce, haƙorin yaro na girma, wato wanda ya fito bayan famfara, in ya fice gaba ɗaya saboda faɗuwa ko buguwa ana iya mayar da shi raminsa ya kama ya ci gaba da zama. Wallahi ana yi, a bakin ɗana na gani. Amma fa abin a hannun wanda ke tsaye a wajen yake lokacin da yaron ya faɗi, uwa ce ko yaya ko malamar aji ko mai shagon bakin layi, kafin a kai ga likita an riga an ceci haƙorin ko an kashe shi. Na faɗa wa mata wannan a gidan suna, na faɗa a islamiyyarmu ta matan aure, kusan duk wadda ta ji sai ta riƙe haɓa tace wai dama ana yi?

Ɗan farina ne abin ya samu, lokacin yana shekara 9 yana aji 4 a firamare. Wata Alhamis ce da la'asar sakaliya, kun san babu islamiyya, sun fita layi shi da sa'anninsa suna buga ƙwallo, ni kuma ina kan keke ina ta sauri in ƙarasa ɗinkin wasu 'yan biki, sai ga ƙannensa sun faɗo gidan a guje suna Umma Umma yaya ya fasa baki. Kafin in miƙe an shigo da shi, wani matashi ɗan maƙwabta ya riƙo shi, gaban jesinsa duk jini, leɓen sama ya haye, yana kuka ko rufe bakin ba ya iyawa. Wai tuntuɓe ya yi yana gudu ya kifa, bakinsa ya daki gefen kwalbati. Na ɗaga leɓen a hankali sai na ga haƙorin gaba na sama guda ɗaya babu shi, rami kawai jini na tsattsafowa.

Hajiya uwar maigidana, tare muke zaune, ta fito daga ɗakinta tana salati, ta leƙa tace ai famfara ce, ku ba shi ruwan ɗumi da gishiri ya kuskure wani zai fito. Nace Hajiya ai wannan ya riga ya yi famfararsa tun yana aji biyu, sabon ne ya fita, ku dubi ɗan uwansa na kusa ku ga faɗinsa. Sai jikinta ya yi sanyi tace to Allah ya sa iyakar abin kenan, ƙaddara ta riga fata. Ni ma a raina na gama sallamawa, tunanina kawai yadda jinin zai tsaya da yadda yarona zai tashi da wawulo a gaban baki yara na tsokanarsa.

Akwai wata amarya da suka tare gidan da ke jikin namu ba da jimawa ba, tana aiki a sashen haƙori na wani asibitin gwamnati, ba likita bace, cikin ma'aikatan nan ne masu wanke haƙori da taya likita aiki. Tsakaninmu da ita lokacin gaisuwa ce kawai ta katanga. Kukan ta jiyo ta shigo hijabinta a karkace. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba bakin ta fara dubawa ba, tace Anti ya suma? Ya yi amai? Ta durƙusa ta tambaye shi sunansa da ajinsa da abin da ya ci da rana, ya amsa yana shessheƙa, ta shafa kansa ta taɓa muƙamuƙinsa tace ya buɗe ya rufe. Daga baya take gaya min in yaro ya bugu a fuska kai ake fara dubawa, in ya suma ko yana amai ko barci na fizgarsa ko yana magana ba kan gado ko jini na fita ta kunne, to maganar haƙori ta koma baya, emajansi za a nufa kai tsaye. Da ta ga ta nan ɓangaren lafiyarsa ƙalau sai ta ɗago tace ina haƙorin?

Muka yi tsuru-tsuru. Wa ya tuna da wani haƙori a wannan tashin hankali? Ta juya wajen yaran da suka cika ƙofa tace ku koma inda ya faɗi ku nemo min shi yanzun nan, duk wanda ya gani kar ya goge shi da riga, kar ya taɓa dogon gefen, ya kama ta farin da ake gani a baki. Ta ninke wani ƙyalle mai tsabta cikin yankakkun ɗinkina ta sa masa ya cije don jinin ya lafa. Ba a jima ba ɗan almajirin da ke mana aike ya shigo da shi riƙe da yatsa biyu yana ta haki.

Ban taɓa ganin haƙori da saiwarsa ba sai ranar. Mu dai wanda muka sani na famfara ne, ɗan guntu mara gindi da yara ke jefawa kan rufi suna ɓoye giɓi kar ƙadangare ya gani. Wannan kuwa dogo ne, saiwar ta fi farin da muke gani tsawo, launinta ya ɗan ja zuwa ruwan ƙwai, da jini-jini da wani abu mai santsi a jikinta, yashi ya manne ko'ina. 'Yata mai bi masa ta ruga ta ɗauko Dettol da tsohon buroshi wai a wanke, amaryar ta ɗaga hannu tace a'a ƙanwata mayar da su, wannan ɗan naman da kike gani a jikin saiwar shi ne ran haƙorin, in aka kankare shi ko aka zuba masa magani an gama da shi. Ta aika aka ɗauko mata ruwan drip na gishiri a ɗakinta, ta riƙe haƙorin ta sama ta tsiyaya masa na 'yan daƙiƙu har yashin ya sauka, ko shafa saiwar ba ta yi ba.

Sai tace Anti zauna ki jingina kansa a ƙirjinki ki riƙe masa goshi. Nace me za ki yi? Tace mayarwa zan yi. Hajiya tace ke yarinya, jikan nawa za ki tura wa abin da aka tsinto a ƙasa? A ina aka taɓa yin haka? Ta sunkuyar da kai tace Hajiya ku yi haƙuri ku bar ni, kamar dashen tumatir ne, in saiwar ba ta bushe ba yana kamawa, in muka tsaya sai mun je asibiti lokaci zai ƙure mana. Hajiya ta kalle ni na kalle ta, Abbansu ba ya nan balle a ce shi zai yanke, nace bismillah ƙanwata yi abin da kika sani.

Ta wanke hannu da sabulu, ta zare ƙyallen, ta dubi ɗan uwansa na kusa don ta tabbatar da gaba da baya, ta saita saiwar a bakin ramin ta tura a hankali da babban yatsa. Ina jin jikinsa ya sandare a ƙirjina, ya ƙwalla ƙara guda ɗaya ya damƙe min hannu har farcensa ya shata min fata, ni kuwa Hasbunallahu wa ni'imal wakil kawai nake maimaitawa idona a rufe. Da na buɗe sai ga haƙori a mazauninsa, tsawonsa ɗaya da ɗan uwansa. Ta ninke hankici ta sa masa tace cije a hankali kar ka saki, kar ka yi magana har mu je. Daga faɗuwarsa zuwa wannan lokacin ba na jin an kai minti 20.

Muka tari a-daidaita-sahu ita ma ta biyo mu, Abbansu ya baro Kantin Kwari ya same mu a can. Kun san kilinik ɗin haƙori da rana ake tashi, sai ta emajansi muka shiga, ita ta yi ta kai da kawo har aka kirawo likitan haƙori mai kol, wato wanda ke jiran kiran gaggawa a ranar. Ya duba, ya sa aka ɗauki hoton haƙorin, ya tambaya wa ya mayar da shi kuma bayan minti nawa, da aka nuna masa ita sai yace wa Abbansu Alhaji ku gode wa wannan baiwar Allah, babban aikin ita ta yi, ni ɗaurewa kawai zan yi. Ya ɗinke ɗan yankan da ke cikin leɓen, ya kawo wata siririyar waya ya manna ta da farin gam a jikin haƙorin da na kusa da shi hagu da dama don kar ya riƙa girgiɗi. Ya tambayi katin rigakafinsa tunda abin ya taɓa ƙasa, aka yi masa allurar tetanus, ya rubuta antibayotik da maganin zafi da wani ruwan kuskure baki.

Allah ya saka wa likitan nan da alheri, duk da dare ya yi sai da ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Yace haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kai tsaye ba, akwai wasu ƙananan zaruruwa masu rai da suka ɗaure saiwar da ƙashin muƙamuƙi, in haƙori ya fice wasu na tafiya a jikin saiwar wasu na zama a ramin, in aka mayar da wuri sai su sake haɗewa. Abin da ke kashe su bushewa ce. In aka mayar cikin kamar minti 15 galibi suna nan da ransu, in ya yi rabin awa a bushe yawancinsu sun tafi, in ya wuce minti 60 a bushe to ana ɗauka babu sauran mai rai. Yace ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, ƙa'idar ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya ce, IADT, wadda suka sabunta a 2020.

Nace likita to wanda Allah bai ba shi irin wannan maƙwabciya ba fa? Yace Hajiya ko ke za ki iya, ba ya son wani kayan aiki, in ya yi datti ki ɗauraye shi da madara ko ruwan drip, in babu ko da ruwa mai tsabta ne na 'yan daƙiƙu, ki mayar, ko bai zauna daidai ba mu za mu gyara. In kuma zuciyarki ta kasa, ko yaron ya ƙi tsayawa, ko yana da ciwon zuciya mai tsanani ko wata cuta da ta raunana garkuwar jikinsa, to ki tsoma haƙorin a abin da zai riƙe shi da rai ki taho a lokacin. Madarar shanu ta ruwa wadda ba ta yi tsami ba ita aka fi sani, banda nono da kindirmo. Ruwan ORS ɗin nan na gudawa da ke kowane kemis, in aka haɗa shi yadda aka rubuta a jikin ledar, shi ma yana yi. In duk babu, yaron ya tofa yawu a ɗan kofi a saka haƙorin a ciki. Babban yaro mai hankali zai iya ajiye shi a kumatunsa amma ƙarami kar a gwada, haɗiyewa zai yi. Ruwan famfo ko fiya wata ba wajen jiƙa haƙori bane don yana lalata ƙwayoyin, duk da haka gara shi da a bar shi ya bushe. Mafi muni kuwa shi ne abin da hannunmu ya fi saurin yi, a naɗe a tishu ko takarda ko a ƙulle a bakin zani.

Sati 2 wayar nan ta yi a bakinsa. Daga kunu sai koko sai fate da ayaba da tuwo mai laushi, yaron da ba ya iya wuce mai rake ko mai goriba, ga shi da son aya, duk aka hana shi, ƙwallo ma sai dai ya leƙa ta ƙofa. Hajiyar da ta so hanawa ita ta koma mai gadinsa, duk jikan da ya shigo gidan da rake sai ta kora shi waje ya gama sha tukunna. Buroshi mai laushi bayan kowane abinci, ruwan kuskurewa safe da dare. Ranar da aka cire wayar likita ya taɓa haƙorin yana nan daram, Hajiya sai da ta yi sadakar ƙosai.

Amma kar ku ɗauka nan aka gama. An sa mu komawa bayan wata 1, wata 3, wata 6, shekara, daga nan duk shekara har a cika 5 aƙalla, kuma a nan ne mutane da yawa ke yankewa tunda yaro ba ya kukan ciwo. Likita yace saboda ƙarancin shekarunsa ƙarshen saiwar bai gama rufewa ba, akwai yiwuwar jijiyar ciki ta farfaɗo da kanta shi ya sa bai taɓa ta ba, da babba ne mai rufaffiyar saiwa da cikin sati 2 za a fara masa aikin jijiya. Tamu dai ba ta farfaɗo ba. A wani zuwa da muka yi hoto ya nuna, ni ma na lura haƙorin ya fara dusashewa ya fi ɗan uwansa duhu, shi kuwa yaro ko a jikinsa. Aka huda ta baya aka wanke cikin aka sa magani, daga baya aka cike. Kuɗi sun fita ba ƙarya, ga zarya ga bin layi, wani lokacin sai na ajiye ɗinkin mutane in ba su haƙuri. Amma yau yana ƙaramar sakandare da haƙorinsa na Allah a bakinsa, yana cin abincinsa yana dariyarsa, in ba na nuna miki ba da wuya ki gane wanne ne.

Yanzu ku ji na 'yar yayata, wanda shi ne ya fi ci min rai. Yayata a wani gari take aure a jihar Jigawa, yarinyar tana shekara 11 lokacin, bayan namu ne abin ya faru. An fita tara sun je shan ruwa a famfon tuƙa-tuƙa na makarantarsu, wata ta saki hannun ƙarfen ya taso ya doke ta a baki, haƙorin gaba ya fice. Malamar ajinsu da kyakkyawar niyyarta ta tsince shi ta wanke shi tas da sabulu, ta yago takarda a littafi ta naɗe ta sa mata a aljihun jaka, ta ba ta farasitamol tace ta kwanta a benci har a tashi. Ta koma gida bayan azahar, uwar ta tafi ta'aziyya wani ƙauye, sai dare ta kira ni tana cewa ke ce kika taɓa ba ni labarin an mayar wa ɗanki haƙori, ya ake yi? Nace Yaya ƙarfe nawa ya fita? Tace da safe. Nace yana ina? Tace ga shi nan a takarda. Wallahi sai da na zauna a bakin gado don ƙafafuna sun kasa ɗaukata.

Washegari suka yi sammako zuwa Kano. Likitan da ya gan ta yace ko ya kwana gara a kawo shi, kuma ya mayar mata, saboda zai riƙe gurbin ya hana ƙashin wajen shanyewa yayin da take girma, amma bai ɓoye musu ba, yace tunda zaruruwan sun mutu saiwar za ta manne da ƙashi jiki ya riƙa cinye ta sannu a hankali. Haka kuwa aka yi. Sauran haƙoran na ta saukowa da girmanta shi yana tsaye wuri ɗaya har ya koma gajere a cikinsu, ƙarshe dai cire shi aka yi. Yanzu na roba take sawa mai cirewa, wanda ake dasawa da ƙarfe a cikin ƙashi kuwa an ce sai ta gama girma, sai ta haura 18, kuma kuɗinsa ba na talaka bane.

Yarinyar nan da ku santa da, bakinta ba ya shiru, ita ce gaba a musabaƙa ita ce gaba a wasan biki. Da sallar da ta wuce ta zo mana yawon sallah, aka zuba abinci yara suka zauna a tsakar gida, na neme ta na rasa, sai na same ta a kicin bayan ƙofa ta juya baya tana ci ita kaɗai, ta cire haƙorin ta ɗora a kan murfin kofi ta rufe shi da gefen hijabinta don kar 'yan uwanta su gani. Na yi kamar gishiri na zo ɗauka na fita, hawayena bai tsaya ba sai da na shiga ɗaki. Ban riƙe malamar a raina ba ko kaɗan, abin da ta sani ta yi, ba wanda ya taɓa koya mata, amma akwai kemis a tsallaken ƙofar makarantar, ORS na nan a kan kantar kemis ɗin.

Kuma kar a ce abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Hukumar lafiya ta duniya WHO tace kimanin mutum biliyan 1 ne a duniya suka taɓa samun raunin haƙori, a yara zuwa shekara 12 kuwa kusan kashi 20 cikin 100 ne, wato yaro 1 cikin 5. Haƙoran gaba na sama su suka fi shan bugu, balle yaron da nasa suka turo waje leɓe ba ya rufe su. Ku duba layinku kawai, keke, ƙwallo, langa, hawa katanga, yara uku huɗu a kan babur ɗaya, buɗe lemo da haƙori, ga masu kai wa yaro duka a baki in ya yi laifi, dan girman Allah a daina wannan. Akwai kuma cokalin da ake cusa wa yaro a baki in yana jijjiga wai kar ya ciji harshe, masu aikin asibiti sun hana, karya haƙora yake yi ya ji wa yaro ciwo, a kwantar da shi ta gefe kawai a kawar da abin da zai buge shi a nemi asibiti.

Wani abu da ya zama dole in faɗa don kar wata ta karanta rabi ta je ta yi ɓarna, haƙorin nono ba a mayar da shi. Autata tana shekara 3 santsin tayil ya kwashe ta na gaba ya fita, ɗan farin nawa har ya ɗauko yana cewa Umma a mayar mata irin nawa, nace a'a nata daban ne. Haƙoran nono guda 20 ne, suna fara zuba wajen shekara 6, kuma na girman yana nan kwance a cikin dasashi dab da saiwar na nonon, in ka tura ka iya lalata wanda bai fito ba ya fito a karkace ko da tabo. Na danne mata wajen da ƙyalle mai tsabta har jinin ya tsaya, na kai ta da haƙorin a hannu don likita ya tabbatar duka ya fita ba guntu a ciki, yace a bar ta da giɓinta har na girman ya zo da kansa. In yaro bai kai 6 ba kusan tabbas na nono ne, in ya kai 7 ko 8 na gaban nan manya masu faɗi na girma ne, in kuma kin rasa ganewa kar ki tura, tsoma a madara ki tafi da shi.

In an nemi haƙori an rasa kar a ce shike nan ya ɓata a ƙasa, wani lokacin nutsewa yake yi cikin dasashi, wani lokacin guntunsa na maƙale a cikin leɓe, wani ma yaro shaƙe shi yake yi ya wuce hanyar numfashi, in yana tari ko numfashinsa ya canza a gaggauta. In kuma karyewa ya yi ba ficewa ba a nemo guntun a jiƙa shi a madara, ana iya manna shi, in kin ga ɗigon ja ko jini a tsakiyar inda ya karye to jijiya ta buɗe, ranar za a je ba gobe ba. Wanda ya goce ko yake girgiɗi kar a yi ta taɓa shi ana gwadawa. Kumburi kuma abu mai sanyi ake ɗorawa ta waje, ba gashi da ruwan zafi ba. Su ruwan batir da fetur da toka da garin taba da wasu ke zubawa a ciwon baki, ƙona naman yaro kawai suke yi. Ko bayan watanni ne kika ga haƙorin da ya taɓa buguwa ya yi duhu ko ɗan ƙurji ya fito a dasashi a samansa, a kai shi a duba ko ba ya ciwo.

Bayan abin 'yar yayata na kasa haƙuri, a taron iyaye da malamai na makarantar yarana na ɗaga hannu na faɗi labarin nan biyu, muryata na rawa don ban saba magana gaban maza ba. Hedimasta ya karɓa hannu bibbiyu, aka sa ranar 20 ga Maris wadda ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, maƙwabciyata ta zo ta nuna wa malamai da haƙorin gwaji yadda ake riƙewa da yadda ake mayarwa. Wani malami ya tashi yace Malama mu fa tsoro muke ji, in muka taɓa bakin ɗan mutane abu ya lalace mu za a kama. Gaskiyarsa ce, ni ma na san halin wasu iyayen. Tace to Malam ko ba ku mayar ba ku tsoma a ORS ku kira iyayen a minti na farko, kar a jira tashi, wani malami ya ɗau yaron a babur ku haɗu a asibiti. Aka amince da haka, yanzu a akwatin taimakon gaggawa na makarantar akwai ORS da ruwan drip da 'yar kwalba mai murfi, kuma mu iyaye muka sa hannu cewa mun yarda a kai yaranmu asibiti ko ba a same mu a waya ba.

Ga 'yan Kano, akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da kuma asibitin Murtala, na wasu garuruwan kowa ya bincika tun yanzu ina ne mafi kusa da shi da ke da likitan haƙori, don ba kowane asibiti ke da shi ba, ki ajiye lambar wani ma'aikacin wajen a wayarki da ta maigida. In dare ne ko ƙarshen mako ta emajansi ake shiga, kuma kar ki zauna shiru a layin kati kina jiran a zo kanki, tun daga bakin ƙofa ki faɗa wa nas ɗin cewa haƙorin girma ne ya fita, ga shi a madara ko an mayar, ƙarfe kaza ya fita, a taimaka a kira likitan haƙori mai kol.